John Donne: yadda ɗalibin lauya ya zama mawaƙi, sannan limamin coci

Me ya kai mawaƙi makarantar lauyoyi?

A Ingila ta ƙarshen ƙarni na 16 ba wanda ke ci da iyali da waƙa. Mai neman ɗaukaka sai ya raɓi manya, hanyar kuwa ta bi ta gidajen horar da lauyoyi huɗu na Landan: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Middle Temple da Inner Temple. Donne, wanda aka haifa a 1572, ya shiga Lincoln's Inn a 1592. Ya riga ya yi karatu a Oxford amma bai karɓi digiri ba, don iyayensa 'yan Katolika ne, digiri kuma sai da rantsuwar cewa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ce shugabar coci.

Yaya karatun yake?

Ɗalibi zai zauna a gidan, ya ci abinci a babban zaure, ya saurari karatun manyan lauyoyi, ya kuma shiga shari'ar gwaji, wani ɓangarenta da tsohon Faransancin kotu. Akan kwashe kusan shekara 7 kafin a ba mutum damar tsayawa gaban alƙali. Da yawa ba wannan ya kawo su ba, sanin mutane suka zo yi. Donne ma bai zama lauya ba, amma ka duba waƙoƙinsa na soyayya, za ka ga yana kafa hujja yana rushe wata kamar mai kare wanda ake ƙara.

To a ina aka samu matsala?

Wajen aure. Yana sakataren Sir Thomas Egerton, mai riƙe da babban hatimin Ingila, ya auri Anne More a ɓoye a Disambar 1601, ita kuwa 'yar ɗan'uwan marigayiya matar maigidan nasa ce. Mahaifinta, Sir George More, ya sa aka tsare shi a kurkukun Fleet a 1602, aikin ma ya suɓuce. Kotun coci ta tabbatar da auren, amma ƙofar fada ta rufe. Ya yi fiye da shekara 10 yana dogaro da 'yan'uwa da masu hali, ga 'ya'ya. Sai a 1615 ya karɓi limanci kamar yadda Sarki James ya so, a 1621 ya zama shugaban limaman cocin St Paul.

Masu zane fa?

Su ma ƙofar manya suke bi. Isaac Oliver ya zana ɗan ƙaramin hotonsa a 1616. Dab da rasuwarsa a 1631, Donne ya sa aka zana shi cikin likkafani, daga nan Nicholas Stone ya sassaƙa mutum-mutumin da ya tsira daga gobarar Landan ta 1666.

Ya buga waƙoƙinsa?

Kaɗan ƙwarai. Babban mutum a lokacin yana ganin kai waƙa maɗaba'a zubar da girma ne, sai dai abokai su kwafa da hannu. Kowane mai kwafa kuma da nasa kuskuren. Tarin farko ya fito a 1633, shi ya sa masu tacewa har yau suke gwada rubuce-rubucen hannu kafin su tsayar da baiti guda.