Waiwaye: Yadda kuɗin jami'a ya koma kan albashin masu rufin asiri

Malamin sakandare, ma'aikaciyar jinya a asibitin gwamnati, ma'aikacin ofis mai matakin albashi na 8 ko na 10, mai shago ɗaya a kasuwa: waɗannan su ne masu rufin asiri. Ba sa shiga jerin waɗanda ake raba wa tallafi, ba su kuma da halin kai yaro jami'ar kuɗi. A Najeriya, yawancin nauyin karatun jami'a a wuyansu ya sauka, sannu a hankali kuma ya sauka, cikin shekara kusan hamsin.

A shekarun 1970 kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta ɗauki kaso mafi girma. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972. A 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Abinci da ɗakin kwana akwai rangwame mai yawa, jihohi kuma suna biyan 'yan asalinsu alawus, musamman jihohin Arewa da ke neman cike giɓin ma'aikata. Uba mai albashi abin da ya rage masa bai wuce kuɗin mota da na sabulu ba.

Ɓaraka ta fara bayyana a watan Afrilun 1978, lokacin da aka ƙara kwabo 50, wato sule biyar, a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1.50 zuwa naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta fito zanga-zangar neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar, ƙarin kuma bai koma ba. Abin da gwamnatoci suka koya daga wannan rikici shi ne kada a sake furta cewa an dawo da kuɗin makaranta. Sai aka bi ta wata hanya.

A tsakiyar shekarun 1980 aka janye rangwamen abinci, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira da ta albashi tare. Har gobe a takarda jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗin rajista, na karɓar gurbi, na jarabawa, na asibiti, na ɗakin karatu, na ɗakin gwaje-gwaje, na katin shaida, na wasanni. Ɗakunan kwana sun yi wa ɗalibai kaɗan, sai haya a unguwannin kusa da jami'a irin su Samaru a Zariya ko Danbare a Kano, wadda ake biya ta shekara guda dunƙule. Idan malamai suka tafi yajin aiki, kamar na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, kuɗin hayar ya tafi a banza, uba ya sake biya. Wannan asara ba ta fitowa a lissafin kowace hukuma, amma kowane gida mai ɗalibi ya san ta.

Ita hukumar rance ta 1972 rashin biya ne ya kashe ta. Babu lambar da za a bi sawun wanda ya ci bashi da ita, ɗalibai da yawa kuma sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilimi don ya gaje ta, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. A shekarar ce kuma aka sa wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, wanda ya zama asusun TETFund a 2011. Asusun ya gina azuzuwa ya tura malamai ƙaro karatu, amma ba ya biya wa ɗalibi rajista. Shekara talatin aka yi babu wani rancen karatu na ƙasa da ke aiki. Abin da ya riƙe iyali shi ne adashi, bashin ƙungiyar ma'aikata da ake cira daga albashi, sayar da fili ko dabba, da taimakon kawu ko yaya.

Shekarar 2023 ce ta ƙure wannan dabara. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni, jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista sau biyu, sau uku, wasu fiye da haka. A Jami'ar Legas an tashi daga kusan naira 19,000 zuwa sama da 100,000, sai da ɗalibai suka yi bore aka ɗan rage. Gwamnatocin Kano da Kaduna sun rage kuɗin manyan makarantunsu a watan Agusta, wanda ya taimaka, sai dai sauƙi ne da ya rataya ga ra'ayin gwamnan da ke kan kujera.

Ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai, ƙudurin da tsohon kakakin majalisar wakilai Femi Gbajabiamila ya daɗe yana bi a majalisa. A nan ne aka ga yadda ba a fahimci masu rufin asiri ba. Dokar ta ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata, wato 360,000 a shekara. Masinja da matarsa mai shara a ofis, in duka suna aiki, sun tashi da 720,000, sun fi ƙarfin rancen ke nan. Ga sharaɗin masu tsayawa biyu, irin su ma'aikaci mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Talaka ba shi da mai tsaya masa, mai albashi kuma an rufe masa ƙofa. Ba a ba kowa ko kwabo a ƙarƙashin dokar ba.

An soke ta aka kawo sabuwa, aka sa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024. An cire iyakar kuɗin shiga, an cire masu tsayawa, an cire sharaɗin hana yaro saboda bashin da iyayensa suka gaza biya. Asusun NELFUND, mai ba da rancen, ya buɗe shafinsa na intanet ranar 24 ga Mayun 2024. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyalai Musulmi da yawa. Wannan gyara ya cancanci yabo, domin da shi doka ta yarda cewa mai albashi ma yana buƙatar agaji.

Rancen kashi biyu ne. Kuɗin rajista ana tura shi kai tsaye asusun makaranta, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Kuɗin ɗawainiya kuwa naira 20,000 ne a wata, yana shiga asusun ɗalibi, kuma ba dole ba ne a nema. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibta da takardar samun gurbi, kuma makarantun gwamnati kaɗai ya shafa. Inda aka fi tuntuɓe wuri uku ne. Na farko, idan makaranta ba ta ɗora bayanan ɗalibi ba, shafin ba zai gane shi ba, maganin kuma yana ofishin makarantar. Na biyu saɓanin suna ko ranar haihuwa: Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, sunan kaka a JAMB. Gyaran yana cin makonni, don haka a yi shi tun kafin a buɗe nema. Na uku lokaci: sau da yawa wa'adin rajista yana cika kuɗin bai iso ba, uba ya ciwo bashi ya biya, daga baya a shiga neman makaranta ta mayar. Ƙorafin ƙin mayarwa ya yi yawa a 2025 har hukumar ICPC mai yaƙi da rashawa ta shiga maganar. Duk wanda ya biya da kansa ya adana rasit, ya rubuta takardar neman mayarwa zuwa ofishin ma'aji, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya biya daga ribarsa. A ɗauki misalin wanda ya karɓi 100,000 na rajista da ɗawainiyar wata goma kowace shekara: 300,000 ke nan, shekara huɗu miliyan 1.2. In ya fara aiki da mafi ƙarancin albashi na 70,000, ana cire 7,000 a wata, zai haura shekara 14 yana biya. Kashi biyu cikin uku na wannan bashi na ɗawainiya ne. Gidan da zai iya aika wa yaro shinkafa, garin kwaki da manja ya fi dacewa ya karɓi na rajista kawai, ya kuma nemi tallafin hukumar sukolashif ta jiha, wanda ke buƙatar takardar shaidar ƙaramar hukuma, da na asusun bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, ko na kamfanoni ga mai maki mai kyau. Waɗannan kyauta ne, ba a biyan su. Kuɗin haya, kwamfuta da na aikin bincike na shekarar ƙarshe kuwa har yanzu suna kan albashin uba, kuma gara a fara ware musu wani abu duk wata tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare.