Maltin gida da maltin waje: tambayoyi da amsoshi a kan ɗanɗano da inganci

A Birnin Kebbi, Jega, Argungu ko Yauri, da wuya a yi biki ko suna ko walima ba a shigo da katan-katan na malt ba. Mai jego ana kai mata, maras lafiya ana kai masa, baƙon kunya ma da shi ake tararsa. Yanzu kuma manyan shaguna suna jera na ƙasashen waje, irin su Barbican da alhazai suka saba gani a Saudiyya, a kan farashin da ya ɗara na gida nesa ba kusa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan abin sha, da amsoshinsu.

Wai da gaske ne malt ɗan uwan giya ne?

Mafarinsu ɗaya ne, daga baya suke raba hanya. Ana jiƙa hatsi, a bar shi ya fara tsiro, sannan a busar da shi da zafi. Wannan tsirarren hatsin shi ne ainihin abin da ake kira malt. Tsiron yana tayar da sinadaran da ke mayar da sitacin ƙwayar ya koma sukari. Duk macen da ta taɓa zuba tsiron shinkafa a kunun zaƙi ta ga ya tsinke ya yi zaƙi, ta riga ta san wannan ilimin. Daga nan sai a niƙa, a dama da ruwan zafi, a tace, a tafasa ruwan.

Mai yin giya zai zuba yis a wannan ruwan ya bar shi kwanaki, yis ɗin ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Mai yin malt irin namu ba ya zuba yis. Yakan ƙara sukari da ƙonannen sukari mai ba da launin ƙasa-ƙasa, a sa iskar gas, a rufe a kwalba ko gwangwani, sannan a dumama shi don kashe duk wata ƙwayar da za ta sa ya tsimu. Saboda haka Maltina da Malta Guinness da Amstel Malta ba giya ba ne. Gaskiya ne kamfanonin giya ne ke yin su: Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, shi ya fito da Maltina a 1976. Akwai bayin Allah da ke guje musu saboda wannan dalilin kawai, don ba su son kuɗinsu ya shiga aljihun masu sana'ar giya, kuma wannan tsantseni ne da ya cancanci a girmama shi.

To me ya sa wasu na waje ake cewa a yi hattara da su?

Saboda iri biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai wanda ba a taɓa tsima shi ba, kamar yadda aka bayyana a sama. Akwai kuma wanda aka fara yin sa giya sosai, sannan aka cire barasar da na'ura, kuma Heineken 0.0 a wannan rukunin yake. A ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta cewa abin sha ba na maye ba ne matuƙar barasar da ke ciki ba ta wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Don haka idan kwalba ta fito daga Turai, kada rubutun gaba ya ishe ka, juya ta ka nemi lambar. Wanda aka rubuta 0.5% daban yake da wanda aka rubuta 0.0%.

Hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne sananne ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan abin da aka fara tsimawa sannan aka tace. Hukunci nasu ne. Amma a jihar da ke bin Shari'a tun shekarar 2000, a ganina wajibi ne mai shago ya san wane irin ya ɗauko kafin ya jera shi kusa da lemun yara.

Me ya sa na gida ya fi kauri da zaƙi, na waje kuma ya fi tsinkewa?

Nan ne labarin yake da tsawo, kuma manomanmu suna ciki. Malt na asali da sha'ir ake yin sa, shi kuwa sha'ir ba ya son zafin ƙasarmu, sai dai a shigo da shi. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsirarren sha'ir don a rage kashe kuɗin waje. Kamfanonin ba su da zaɓi, sai suka koma ga dawa da masara. Aikin bai zo musu da sauƙi ba. Sitacin dawa yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta ba shi da ƙarfin mayar da sitaci sukari kamar na sha'ir, ga shi ba ta da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa. Dole aka sake tsarin girkin, aka riƙa ƙara wasu sinadarai don su taya tsiron aiki. Akwai kuma batun da kowane makiyayi ya sani, cewa ɗanyen tohon dawa yana iya kashe dabba. Sinadarin da ke yin wannan ɓarna yana taruwa a tsiro da saiwa, shi ya sa masu sarrafa dawa suke karkaɗe su tas bayan busarwa.

Daga baya an ɗage haramcin, amma dawa ta riga ta samu wurin zama, har Nigerian Breweries yana da masana'antar tsirar da dawa a Aba. Idan ka karanta jikin gwangwanin maltin gida, sau da yawa za ka ga dawa a jere da sha'ir da sukari. Dawar da ake nomawa a Arewa, kaura da farfara, tana cikin abin da kamfanonin ke saya ta hannun dillalai. Ina son mutanenmu su san wannan, domin mai raina na gida yana iya kasancewa yana raina amfanin gonar mahaifinsa ne bai sani ba.

Sai dai kaurin da duhun ba daga dawa kawai suke ba. Salo ne da aka zaɓa. Maltin da aka saba da shi a Afirka ta Yamma baƙi ne, mai nauyi, mai ƙamshin ƙonannen sukari, ka sha ɗaya ka ji kamar ka ci wani abu. Na ƙasashen Larabawa kuwa garai-garai yake, gas ya fi yawa, an sa masa ɗanɗanon tuffa ko rumman ko lemun tsami, don kashe ƙishi aka yi shi. Wanda ya ce wannan ya fi wancan daɗi, ra'ayin harshensa ya faɗa, bai faɗi komai a kan inganci ba.

Fayrouz fa, na gida ne ko na waje?

Asalinsa daga Masar ne, amma wanda ake sayarwa a nan, a Nijeriya ake yin sa. Haka sunan Amstel na Holan ne, Guinness na Ayilan, duk da haka a masana'antun ƙasar nan ake cika kwalaben. Suna ba ya nuna inda aka yi abu, adireshin da ke bayan kwalba ne ke nunawa.

Amma ai tsadar na waje alama ce ta inganci, ko ba haka ba?

Tsadar ta hanya ce. Ka lissafa kuɗin jirgin ruwa, da canjin dala, da harajin kwastan, da kuɗin tirela daga Legas zuwa Kebbi, da ribar kowane hannu da kayan suka bi. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke ƙara wa abin da ke cikin kwalbar daraja. Hasali ma doguwar tafiya rage masa take yi. Abin sha na malt ba ya son zafi, kuma a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Katan ɗin da ya yi makonni a kwantena a tashar ruwa, ya zo ya zauna a rumfar kwano, ƙamshinsa yana dushewa, launinsa ya ƙara duhu, wani lokaci har ka ji yana warin tsohon kwali. Wanda aka sa wa furen hof mai ɗaci, idan kwalbarsa fara ce ko kore kuma rana ta buge ta, yakan yi wani wari mara daɗi. Kwalba mai launin ƙasa da gwangwani sun fi tare haske. Na gida da aka cika watan jiya ya fi na waje da ya kusa shekara a hanya armashi, ko da a masana'anta na wajen ya fi shi.

Akwai kuma kayan da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya ta wajen Kamba da Lolo, daga Nijar da Benin. Irin waɗannan galibi ba su da lambar NAFDAC, ke nan hukumar ba ta tantance su ba, kuma idan wani abu ya faru babu wanda za a kama. Ni dai abin da ba shi da wannan lambar ba na ba iyalina, komai kyan kwalbarsa.

To na gidan ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi, kuma babba ne: sukari. Ɗauki gwangwani ka duba abin da aka rubuta a kan kowane mililita 100. Idan ka ga giram 10, to gwangwani mai mililita 330 yana ɗauke da giram 33, wajen ƙaramin cokali 8 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50. Mutum ya sha biyu a wurin biki, ya riga ya zarce. Na waje masu ɗanɗanon 'ya'yan itace su ma ba su tsira ba, tsinkewarsu ce ke ɓoye zaƙin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake kai wa mai ciwon sukari katan ɗin malt a gadon asibiti da sunan dubiya, saboda an ɗauka abinci ne mai gina jiki, ba lemo ba.

Ana cewa malt da madara yana ƙara jini. Akwai ƙamshin gaskiya?

Yana ba da kuzari na ɗan lokaci, kuma wasu kamfanoni suna ƙara bitamin. Amma ƙarancin jini galibi daga rashin sinadarin ƙarfe, wato ayon, yake, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko zubar jini wurin haihuwa, shi kuwa malt da madara ba su da ayon na a zo a gani. Mai jegon da ta yi fari fat, a kai ta a auna jininta, a ba ta maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, a haɗa mata da hanta, nama, wake da zogale. Kuɗin katan ɗaya zai sayi da yawa daga cikin waɗannan.

Idan na shiga shago, me zan duba?

Ranar da aka yi shi ta fi ranar ƙarewarsa amfani gare ka, don ita ke gaya maka tsawon zamansa. Ka duba inda mai shagon ya ajiye katan ɗin, a inuwa ne ko a bakin titi rana na dukansa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki ka bar masa abinsa, domin kumburi yana iya nufin wani abu ya fara tsima a ciki. Idan za ka sayi na biki da yawa, je wurin babban dila da kayansa ke saurin ƙarewa, ka sa a buɗe katan ɗaya a gabanka ka ga kwanan watan kafin a loda sauran a mota.