Masu horas da Kano Pillars

Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, an kafa ta a 1990 bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita, kuma a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata take wasanninta na gida. Kujerar koci a kulob ɗin nan dai ba wajen miƙe ƙafa ba ce, da wuya mutum ya yi kaka uku a jere ba a sallame shi ko shi ya tattara nasa ya nasa ba.

Kofin lig na farko ya zo a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, wanda dama ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003. A 2009 Bature ne a kan benci, Ivo Sajh ɗan Sulobeniya, shekarar da Pillars ta je Alƙahira a gasar zakarun Afirka ta yi 2-2 da Al Ahly ta fitar da ita, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta tare ta. Bayansa Salisu Yusuf da Ladan Bosso duk sun riƙe ƙungiyar.

Zamanin da 'yan kallo suka fi tunawa shi ne na 2012 zuwa 2014, lig uku a jere. Biyun farko Mohammed Baba Ganaru ne ya ci su, na ukun kuma Okey Emordi, shi ma tsohon kocin Enyimba ne da ya ɗauki kofin zakarun Afirka a 2004. Lokacin 'yan wasa irin su Rabiu Ali Pele da Gambo Mohammed na tashe, baƙo in ya shigo Kano ya san maki uku ba nasa ba ne, don tun 2003 ba a ci Pillars wasan lig a gida ba sai a 2015 da Nasarawa United ta karya tarihin.

Ibrahim Musa, da aka fi sani da Jugunu, nasa labarin daban ne. A wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na Najeriya, na 2018 a Asaba, Pillars na gaba da ci 3-0, wasu har sun fara murna a majalisa, sai Rangers ta Enugu ta farke duka ukun ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Abin mamaki ba a kore shi ba, da shekara ta zagayo ya doke Niger Tornadoes a Kaduna, nan ma a fenareti, ya kawo kofin gida.

A 2020 an ɗauko Bafaranshe Lionel Soccoia, bai jima ba. Ƙungiyar ta faɗa gasar 'yan dagaji, wato rukuni na biyu, a 2022, Evans Ogenyi ya dawo da ita a 2023, daga nan aka miƙa wa Abdu Maikaba, bayansa kuma Usman Abdallah.