Djent: Kiɗan da Ya Raɗa wa Kansa Suna

Wai mene ne djent, kuma daga ina sunan ya fito?

Ana furta shi "jent", kuma ba kalmar wani harshe ba ce. Kwaikwayon sauti ne, kamar yadda za ka ce abu ya faɗi tim. Makaɗi zai ɗora gefen hannunsa a kan tsirkiyoyin jitar lantarki, daf da inda suka kafu a jikinta, ya bugi mafi kauri da ƙarfi. Sautin da zai fito gajere ne, mai nauyi, ba ya jan jela: jent, jent-jent. Ana danganta kalmar da Fredrik Thordendal na ƙungiyar Meshuggah, amma Misha Mansoor na Periphery ne ya yi ta yawo da ita a intanet har ta kama. Daga baya sunan ya tashi daga kan sautin ya koma kan wani reshe na metal (kiɗan jitar lantarki mai ƙarfi da ƙara), reshen nan mai sarƙaƙiya da ake kira progressive metal.

Su wa suka fara?

Meshuggah, babu ja. An kafa ta a 1987 a Umeå, can arewacin Suwidin. Tun a kundinsu na 1995, Destroy Erase Improve, aka fara jin abin, sannan Nothing na 2002 ya fito da shi ƙarara. Jitar da aka saba da ita tsirkiya shida gare ta. Su sai suka koma bakwai, daga nan takwas, har muryar jitar ta gangara ta kusa cim ma ta bes, wato jitar nan mai babbar murya. Su kansu ba su taɓa ɗaukar djent a matsayin sunan kiɗansu ba, na baya ne suka maƙala musu.

Me ya sa mutum ke rikicewa in yana son ya bi kiɗan da kai?

Nan ne gizo ke saƙar. A yawancin kiɗan metal jita ce ke ɗauke da karin waƙa, ganga na take mata baya. A djent jitar ma ganga ce. Sau da yawa za ka ji ta tsaya a kan sauti guda ɗaya tak na tsawon lokaci, duk gwanintar tana wajen yaushe za a buga, yaushe za a yi shiru.

Ka lura da Tomas Haake, mai gangar Meshuggah, in yana aiki. Hannunsa na dama yana dukan faifan ƙarfe a ƙirga huɗu-huɗu, daidai wa daida, yaro ma zai iya bi. Ƙafafunsa kuwa suna can suna bin jita, wadda ke zagaye a wata ƙirgar dabam. A ce jitar na maimaita bugu bakwai: bakwai, sha huɗu, ashirin da ɗaya, ashirin da takwas. Duk zagaye farkonta na faɗowa a wani wurin dabam a kan huɗun nan, sai ka ji kamar ƙasa na zamewa ƙarƙashinka. Da an kusa 32, wato huɗu sau takwas, sai a gutsure zagayen ƙarshe, a cike huɗun da suka rage, kowa ya haɗu a wuri ɗaya, a sake ɗauka daga farko. Shi ya sa a wajen wasansu za ka ga dubban kawuna na sauka tare, alhali in ka saurari jitar kaɗai ba za ka san inda za ka sa ƙafa ba. Dabarar ita ce ka riƙe faifan ƙarfen, ka bar jitar ta yi ta yawonta.

Bayan Meshuggah fa?

Ƙungiyoyi uku ake fara ambata. Periphery ta taso daga yankin Washinton a 2005, kundinta na farko ya fito a 2010. Masu jita uku gare ta, kuma mawaƙinta Spencer Sotelo na iya kurma ihu yanzu, an jima ya rera da murya garau. TesseracT, wadda Acle Kahney ya fara a 2003 a Milton Keynes ta Ingila, ta fi su sanyi. Nauyin na nan a ƙasa, amma sama akwai sarari, sauti na shawagi kamar hazo. Animals as Leaders ta Tosin Abasi kuwa ba ta da mawaƙi sam, ba ta da mai bes: mutum uku ne, jita biyu masu tsirkiya takwas-takwas da ganga. Abasi kan doki tsirkiya da babban yatsa irin na masu bes, kuma akwai ƙamshin jaz a kiɗansa.

Akwai Monuments ta John Browne, wanda suka taɓa zama ƙungiya ɗaya da Kahney mai suna Fellsilent. Akwai Vildhjarta ta Suwidin, wadda kiɗanta ya yi duhu har ya samu nasa sunan, "thall". 

Ya aka yi ya bazu haka?

Daga ɗakunan kwana. Mansoor ya yi shekaru yana ɗaukar kiɗa shi kaɗai a kwamfuta yana sakawa a intanet da laƙabin Bulb, tun babu ƙungiyar kirki a bayansa. TesseracT ma haka ta fara, aikin mutum ɗaya. Abin da ya sauƙaƙa shi ne manhajojin da ke kwaikwayon ganga da na'urorin da ke maye gurbin manyan amsa-kuwwa. Wata fitacciyar manhaja, Drumkit From Hell, gangunan Haake aka naɗa aka zuba a cikinta, har Meshuggah da kanta ta yi amfani da ita a kundin Catch Thirtythree na 2005. Kenan yaro na zaune a ɗaki, da jita ɗaya, yana da gangar gwaninsa a hannu.

Amma abin na da illa. Da kowa ya sayi kayan aiki iri ɗaya, sai ƙungiyoyi da dama suka zama kamar an tsaga kara. A ganina nan ne masu sukar djent suke da gaskiya: lissafi ya yi yawa, waƙa ta yi ƙaranci.

To salo ne mai zaman kansa, ko kuwa?

Gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu cewa a'a hujjarsu ita ce sunan sauti ne kawai, kuma babu abin da ya haɗa taushin TesseracT da duhun Vildhjarta in ba wannan bugun ba. Periphery, wadda ta fi kowa shan wannan suna, sai ta mai da abin barkwanci. Kundinta na 2023 ta sa masa suna Periphery V: Djent Is Not a Genre, wato djent ba salo ba ne. Ba a fasa kiranta da shi ba.

Da wanne baƙo zai fara?

In ihu na damun ka, fara da Altered State na TesseracT, na 2013, babu kururuwa a cikinsa ko kaɗan. In kunnenka ya saba, sai ka nemi "Bleed" ta Meshuggah, daga kundin obZen na 2008. Ta haura minti bakwai, kuma ƙafafun Haake za ka saurara.