Waiwaye: Yadda Fostar Kundin Waƙa Ta Sauka Daga Bango Ta Shiga Waya

Zamanin da Mamman Shata, ɗan Musawa, yake tashe, ba fosta ke sayar da waƙa ba. Rediyon Kaduna ta sako, a ji kalangu da 'yan amshi, kowa ya san mai ita. Faifan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga yakan zo cikin kwali mai faɗi: hoton mawaƙi da babbar riga, sunansa a sama, shi ke nan. Da kaset ya mamaye kasuwa a shekarun 1980, ko wannan ɗan adon ma ya ragu. Mai shago ya kwafa maka daga kaset zuwa kaset, ya rubuta suna da biro.

Fim ne ya kawo fosta. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, musamman da waƙoƙin fiyano suka kama a ƙarshen shekarun 1990, sai aka riƙa bugo fostoci a Kano, motar haya ta kawo su Katsina, yara su bi da bokitin sitaci suna liƙawa a shagunan kaset, gidajen kallo da tashoshin mota. Amma dillali ne ke da ta cewa, tunda kuɗinsa ne. Shi kuwa fuskar jaruma ya sani tana ciniki. Wanda ya yi waƙar da muryarsa, in an yi masa kara, a sa sunansa can ƙasa kusa da lambar wayar mai rarrabawa.

Lokacin da Shata ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, mawaƙan zamani suna nan a bayan fage. Sai da suka fara fitar da kundi na kansu a faifan CD sannan fuskarsu ta hau fosta, tare da laƙabi da tambarin situdiyo. Masu zane a kwamfuta da manhajojin CorelDraw da Photoshop suka samu kasuwa, suka kuma wuce gona da iri: mota, agogo, walƙiya, rubutun zinare kala uku, duk a takarda ɗaya. Siyasar 2015 ta ƙara wani salon, inda hoton ɗan takara da alamar jam'iyya kan danne na mawaƙin.

Masu tura waƙa a memori su suka karya CD, bango ya rasa aikinsa. Yau fosta ɗan hoto ne mai kusurwa huɗu a Audiomack, YouTube ko WhatsApp, bai fi kan babban yatsa ba. A wannan girman, tarkacen nan duk ba a ganinsu. Waɗanda suka gane sun tsaya kan fuska ɗaya, launi ɗaya, da tambarin da ba ya canzawa daga kundi zuwa kundi. Sauran har yanzu suna cusa sunayen furodusa, manaja da iyayen gida, da haruffan da ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga akwatin banza ya fito a tsakiyar sunan kundin.