Ba kowane bororo ne ake ɗauka a jikin wani ba

Mutane da yawa da zarar sun ga fatar mutum tana yin bororo tana saɓulewa, baki duk gyambo, sai su ce ai cuta ce ya kwaso, a fara gudunsa, a ware masa kofi. Wallahi abin nan yana min ciwo, don akwai wata cuta da likitoci ke kira paraneoplastic pemphigus wadda ko kaɗan ba a ɗaukarta. A 1990 Dokta Grant Anhalt da abokan aikinsa a Amurka suka fara bayaninta.

Abin da ke faruwa shi ne akwai ƙari a cikin jiki, sau da yawa kansar jini ko ta kaluluwa, ko ƙarin Castleman, wani kumburin kaluluwa, wanda shi aka fi samu a yara da matasa masu wannan cuta, to garkuwar jiki a ƙoƙarin yaƙar ƙarin sai ta rikice ta koma tana kai hari kan sinadaran da ke manne ƙwayoyin fata da juna, shi ya sa fata ke rabuwa ruwa ya taru. Kuma fa ba wai kansar ce ta bazu zuwa fata ba.

Yawanci daga baki take farawa, leɓe ya fashe ya yi ɓawon jini, cin abinci ya gagara, a yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta shiru. Wani lokacin ma gyambon ke riga bayyana kafin a san da ƙarin. Tana iya taɓa huhu, nan ne babban haɗarin. Duk gyambon bakin da ya ƙi warkewa makonni, a je asibiti a yanki ɗan fata a gwada, a duba cikin jiki ma.