Me ake nufi da 'yancin faɗin albarkacin baki?

Tun da zanga-zangar ɗalibai kan yaƙin Gaza ta mamaye jami'o'in Amurka a 2024, da wuya ka kama labarai ba ka ji an ambaci 'yancin faɗin albarkacin baki ba. Mai kare ɗalibai da shi yake kafa hujja, mai neman a kore su ma haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce an tauye wa wani farfesa 'yancinsa don kawai abokan aikinsa sun yi masa raddi mai zafi. Me aka tauye? Ya faɗa, an ji, an mayar masa.

Kalmar kanta ta isa shaida. Ba a cewa mutum ya tofa albarkacin bakinsa sai a cikin taro, inda wasu suka riga shi magana, wasu ke jiran ya gama. Ɗan abin da ke bakinka ne kake ƙarawa a kan na jama'a, kana sane da cewa na gefenka zai tofa nasa, ko da ya ci karo da naka.

A dokar Amurka, gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791 hannun hukuma ya ɗaure, bai ɗaure bakin masu suka ba. Shi ya sa ya hau kan jami'o'in gwamnati kai tsaye, su kuwa masu zaman kansu irin su Harvard galibi alkawarin da suka rubuta da hannunsu ake kama su da shi.

Dubi abin da ya faru a Jami'ar California da ke garin Berkeley a 1964. Wasu ɗalibai sun dawo daga Mississippi, inda suka taya baƙaƙen fata fafutukar rajistar zaɓe, sai jami'a ta hana su kafa tebur a bakin ƙofa suna tara gudummawa. Ranar 1 ga Oktoba aka kama wani ɗan fafutuka, Jack Weinberg, a kan teburinsa. Ɗalibai suka zauna suka kewaye motar 'yan sanda har awa 32, suna hawa kan rufinta ɗaya bayan ɗaya suna jawabi, cikinsu har da Mario Savio, ɗaya daga cikin jagororinsu. A watan Disamba aka kama kusan 800 a Sproul, ginin ofisoshin hukumar jami'ar. Waɗannan su ne aka toshe wa baki da gaske: hukuma ce ta hana, ga 'yan sanda, ga barazanar kora. Masu rauni ne suka nemi wannan 'yanci, domin ba su da wani makami sai shi.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ɗaliban yau sun cika zaure da ihu don kada baƙon da aka gayyato ya buɗe baki, suna cewa su ma 'yancinsu suke amfani da shi. Ihun ya danne mai magana, ya kuma danne haƙƙin waɗanda suka zo saurare. Su bari ya gama, su yi masa ruwan tambayoyi, su yi zanga-zangarsu a waje.

Malaman Berkeley ɗin ma, da suka kaɗa ƙuri'a ranar 8 ga Disamba, 824 suka goyi baya, 115 suka ƙi, abin da suka amince da shi ke nan: jami'a tana iya tsara lokaci da wuri da yadda za a yi magana, amma ba ta da ikon zaɓar abin da za a faɗa.